Ranar da Shanu Suka Jawo Motar Kakanka

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaishe ka. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Kano lafiya, ka tarar da maigidan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa lafiya, ya kuma sa ka shiga garejin nan da ƙafar dama. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na wuta da na mutum. Labarin gida ba abin da ya canza tun jiya da ka ɗaure kayanka, don haka ba zan ɓata takarda a kansa ba. Rubutuna kuwa ka san shi, firamare ma ban ƙarasa ba. Inda ka ga harafi ya karkace sai ka daidaita shi da kanka.

Akwai wata safiya da nake so in ba ka labarinta. A shekarar kana Gezawa wajen gwaggonka kana karatu. Ka dawo ka tarar wasu suna tsokanata da “mai sabulu”, ba ka taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa zaunar da kai ba.

Na fito daga masallaci, gari ya yi haske, ina share gindin darbejiyar ƙofar gida inda nake aikina, sai na ji ihun yara daga hanyar gonaki. Na ɗaga kai. Shanun huɗa biyu na gani an ɗaura musu igiya, suna tafe a hankali kamar a gona suke, a bayansu kuma akori-kurar kakanka Alhaji, mahaifin mahaifiyarka. Sule direba yana riƙe da sitiyari, kai a sunkuye. A bayan motar kwandunan tumatir ne, jan ruwa yana ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje suna bi. Kakanka yana tafe a ƙasa kusa da motar, babbar riga a saɓe a kafaɗa, ba ya kallon kowa. Mai shanun ya zo ya tsayar da su daidai inda nake tsaye da tsintsiya a hannu.

Na durƙusa na gaishe da kakanka. Bai amsa ba. Ya dubi Sule ya ce, “Gaya masa ga aikinsa nan na dawo masa da shi.” Ya juya ya tafi gida.

Bari in koma baya kaɗan don ka gane.

Ka san shekarun nan da muke ciki. A lokacin sun fi haka ma tsanani. Gidajen mai a rufe, sai ’yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi. Kayan gyaran mota kuwa, in ka tambayi kuɗin abu da safe, ka koma da yamma sai mai shago ya ce wancan tsohon labari ne. A shekarun ne wata kalma ta shiga bakin duk mai mota a ƙasar nan tamu, daga Bici har Dawakin Tofa. Ba wanda yake zuwa ya ce a gyara masa. Kowa cewa yake, “Habu, ka lallaɓa min ita.”

Ka riƙe wannan kalma da kyau, domin ita ce ta fi kowace kalma haɗa mai mota da bakanike faɗa. Gyara shi ne ka cire abin da ya mutu ka sa mai rai. Lallaɓawa kuwa roƙon mota ne ta ƙara haƙuri zuwa gobe. Mai mota ya san bambancin sarai lokacin da yake tsaye a gabanka. Ranar da ta tsaya masa a daji, a ranar yake mantawa. Ban taɓa jin wanda ya ce “lallaɓawar da na sa aka yi ce ta ƙare” ba. Cewa yake, “Gyaran banza aka yi min.”

Kwana biyu kafin safiyar shanun nan, bayan la’asar, Sule ya kawo motar ya ajiye, ya ɗauki jarkoki ya hau mashin ya tafi Bici neman mai. Kakanka ya zo da kansa ya zauna a bencin nan. Na buɗe na duba. Lagireto, wato tankin ruwan da yake sanyaya inji, ya tsage a gindi. Tiyon da yake kai masa ruwa shi ma ya ruɓe, in ka matsa sai ya yi gumi. Aikin gaskiya shi ne a cire lagireton a kai wa mai walda a Bici, a sayo sabon tiyo. Tumatir kuwa an riga an tsinke, nasa da na maƙwabtansa su Malam Audu, ana so da asuba a kama hanyar kasuwa a Kano.

Ya ce, “Yaya dai?”

Na ce, “Baba, tana ɗan yoyo.”

Ka ji ni fa. Ɗan yoyo. Abin da in na wani ne zan ce masa wannan ba ta zuwa ko’ina.

Ya ce, “To ka lallaɓa min ita.”

Na ce, “To, Baba.”

Na jiƙa sabulun wanki na murza shi ya yi laushi, na cusa a tsagar. Na yanko robar tayar keke na naɗe tiyon na ɗaure tamau. Na zuba ruwa, na tayar da inji, ko ɗigo babu. Kuma ba zan ɓoye maka ba, aikin ya yi kyau. In da an bi shi yadda ya kamata, da ta kai ta dawo. Har yau ban ga wanda ya fi ni iya wannan ɗaurin ba a yankin nan.

Ya miƙe ya ce, “Za ta kai Kano?”

Ina durƙushe, idona a kan takalminsa. Mutumin da ya ba ni ’yarsa ina saurayi ba ni da komai sai sifana da filaya. Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, ko abinci ba na iya ci a gabansa. Na ce, “In Allah ya so, Baba.”

Abba, “to” a bakin suruki ladabi ne, amma a bakin bakanike alkawari ne. Ranar na yi magana da bakin suruki alhali sifana ce a hannuna. Kai inda za ka babu surukinka, amma za ka haɗu da masu manyan riguna da masu kaki da waɗanda suka girmi ubanka. Ka durƙusa musu, ka gaishe su yadda aka koya maka a gida. Amma in aka zo maganar mota, ka faɗi abin da idonka ya gani da girmansa. Tsaga ba ɗan yoyo ba ce.

Da ya tafi hankalina bai kwanta ba. Na je magariba, kafin in dawo Sule ya zo ya ɗauke motar. Da ƙafa ma zan iya zuwa gidan Sule, ba nisa. Ban je ba, na ga kamar in na gaya wa direba abin da ban gaya wa mai mota ba na raina mai motar. Sai na bi hanyar da kowa yake bi in yana da magana da surukinsa. Na shiga gida na sami mahaifiyarka tana kwashe tuwo.

Na ce mata, “Ki je ki gaya wa Iya ta gaya wa Baba, aikin nan na sabulu da roba ne, ba gyara ba ne. Kada a cika wa motar kaya. A tafi da jarkar ruwa, a riƙa tsayawa, in inji ya huce a ƙara wa lagireto.”

Ta ce to. Ta yafa mayafi ta tafi. Na ci tuwona hankali kwance, wai na sauke nauyi.

Abin da ya biyo baya ka ji shi. An yi wa motar lodi har sama da kai. Sun hau kwalta ba su yi nisa ba inji ya tafasa, Sule ya ga hayaƙi ya ce bari ya ƙarasa gaba inda akwai inuwa, kafin su kai inuwar, inji ya buga. Suka wuni a bakin titi suna tsayar da motoci, ba mai sarari, mai sararin kuma ba shi da man da zai juya. Tumatir ya dahu a rana. Motar ta kwana a can, da safe aka nemo shanu, domin su ba sa shan fetur.

Kuskurena na biyu ya fi ɗaukar lokaci, don shi kama yake da halin kirki. Na yi shiru. Na ce a raina ai na aika da saƙo, gaskiya za ta fito da kanta, ba sai na tsaya musu da surukina a bainar jama’a ba. Motar tana nan a ƙofar gidana tana wari, ni kuma ina wucewa ta gefenta ina zuwa masallaci kamar ban san ta ba.

Kafin mako ya zagayo gari ya gama yanke hukunci. Na je wajen Tanko mai shayi, ina zama sai wani ya ce, “Injiniya, don Allah na wanki kake sawa ko na wanka? Tawa motar mai son ƙamshi ce.” Aka fashe da dariya. Tanko ya miƙo min kofi ya ce, “Riƙe da kyau, yana ɗan yoyo.” Ni ma na yi dariyar, amma na ajiye kofin ban sha ba. Wani da na kwance wa mashin ya zo da buhu, ya kwashe kayansa ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a kai ya ce zai kai Bici. Maƙwabta da ba su taɓa cewa komai ba sai ga shi sun tuna baƙin mai yana ɓata musu ƙofar gida, ƙarar inji tana hana tsofaffi barcin rana. Malam Audu, wanda tumatirinsa ya ruɓe a motar, ya je wajen mai unguwa ya ce a hana ni taɓa motar kowa a garin nan kafin in kashe mutum.

Ka ga mai aiki a ƙofar gida ba kamar mai gareji ba ne. Mai gareji in ya ɓata da wani, gobe baƙo zai shigo wanda bai san komai ba. Ni kuwa masu kawo min aiki su ne nake sahu ɗaya da su, su ne za su ɗauki gawata. In suka ce babu, to babu, sai dai in koma ƙwadago a gonar wani. Abin da ake shirin karɓewa ke nan: gindin darbejiyar nan, da abincin da kuke ci daga cikinta.

Ana yabona da haƙuri, kai ma ana cewa ka gado. Ka riƙe shi, ya yi min rana a wurare da yawa. Amma haƙuri daban, shiru daban. In aka dawo maka da aiki, a ranar za ka je ka sami mai shi, yana zaginka kana tsaye, in ya gaji ka ce masa ga abin da ka yi, ga abin da ba ka yi ba. In ka bari sai gobe, masu shayi za su yi maka bayanin.

Saboda girman kakanka, a zaurensa aka zauna. Mai unguwa ya zo, Liman Malam Isiyaku ya zo, ga Malam Audu, ga Sule, ga ni a bakin ƙofa wajen takalma.

Kakanka ya ce, “Ni ba ni da dogon zance. Na kai masa mota. Na ce za ta kai Kano? Ya ce in Allah ya so. Ga ta can shanu sun kawo.”

Liman ya ce, “Alhaji, in Allah ya so ai ba garanti ba ne.”

“A bakin malami ba garanti ba ne. A bakin bakanike mene ne?”

Liman ya gyaɗa kai. Ni ma a raina na ce tsohon nan ya fi ni gaskiya a nan.

Mai unguwa ya ce, “Habu, me ka ce?” Na fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Ɗago kanka mana, ba tabarma ce ta kawo ƙararka ba.”

Na ɗago kaɗan. Na ce, “Ranka ya daɗe, Baba lallaɓawa ya ce in yi, ita na yi. Kuma na aika da saƙo cewa kada a cika kaya, a riƙa tsayawa ana ƙara ruwa.”

Kakanka ya ce, “Saƙo? Wane saƙo? Ni gaisuwa aka kawo min.”

Aka aika cikin gida. Iya, kakarka, ta zo ta tsaya a bayan ƙyaure, mahaifiyarka a bayanta. Mai unguwa ya tambayi mahaifiyarka abin da na ce da abin da ta faɗa. Muryarta da ƙyar ake ji. Ta ce ta gaya wa Iya kada a cika kaya kuma a tafi da ruwa a riƙa zubawa.

“Maganar sabulun fa?”

Ta ce, “Na ga in na ce da sabulu ya yi aiki, kamar na zubar masa da mutunci ne a gidanmu.”

Mai unguwa ya ce, “To Iya, ke kuma me kika kai?”

Iya ba ta da ƙasa-ƙasa, ka san ta. Ta ce, “Ni fa a bar ni in faɗi gaskiya. Shekara nawa ina gidan nan, yaushe na taɓa gaya wa Alhaji yawan kayan da zai ɗora wa motarsa? In ce masa wai yaro ya ce kada ka cika? Ku da kuke zaune, wa zai iya? Na ce masa mijin yarinyar nan yana gaishe ka, ya ce a tafi da ruwa, akwai rana.”

Liman ya ce, “Alhaji, an tafi da ruwan?”

Sule ne ya amsa, yana kallon rufin zaure. “An tafi da shi, Malam. Na randa ne, mai sanyi. Har Alhaji ya sa masa albarka, ya ce yaron nan akwai hankali. Mun sha, mun yi alwala da saura.”

Mai unguwa ya sa hannun riga ya rufe baki. Malam Audu da ya zo da fushi, kafaɗunsa suka kama rawa. Kakanka kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, “To yanzu duk gidana aka haɗu aka kashe min mota saboda ana jin kunyata.”

Ka lura da kyau, Abba, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya cire abin da ya ga zai yi nauyi a kunnen na gaba, saboda ƙauna da ladabi. Maganar aiki ba ta jure wannan. Ka faɗe ta da bakinka, ga mai motar, ga kuma wanda zai riƙe sitiyari, a gaban wani na uku in da hali. Ka tambaye shi a fili: gyara kake so ko lallaɓawa? Ka bari ya faɗa da bakinsa mutane su ji. In lallaɓawa ce, ka nuna masa wurin da yatsa, ka gaya masa inda za ta iya kai shi da inda ba za ta kai ba. Abin da ka cire kuma ka sa masa a hannu ya tafi da shi, ko da ya ce ka yar. Na san za ka ce ni ma ga shi na kasa zaunar da kai, na koma aiko da takarda. Gaskiyarka. Kai ɗan fari ne, bakina yana nauyi a gabanka. Amma ita takarda ba ta jin kunyar kowa, yadda na ba ta haka za ta kawo maka.

Hukuncin da aka yanke shi ne laifi ya rabu. Kakanka zai sayi kayan inji, ni zan yi aikin ba lada. Malam Audu aka ba shi haƙuri, ya haƙura, amma da sharaɗi, mai unguwa kuma ya karɓi sharaɗin: ba zan taɓa motar kowa ko mashin ɗin kowa ba sai ranar da akori-kurar nan ta je Kano da kaya ta dawo da ƙafarta.

A nan ne haƙurin ya yi amfani. Na sauke injin ni kaɗai da igiya a reshen darbejiya. Na shimfiɗa buhuna, na jera komai yadda na ciro shi, na rufe saboda awaki. Kan inji ya lanƙwashe, aka kai Kano aka daidaita. Kayan kuma ba a tashi ɗaya suka zo ba. Kakanka sai ya sayar da ɗan abu ya sayo ringi, a jira, ya sayar da wani ya sayo gasket. Har kazar mahaifiyarka ta sami wuri a gidan injin ta fara ƙwai. Da safe ina ƙwadago a gonar albasa, da yamma ina wanke ƙarfe da kananzir. Hatsinmu ya ja baya sosai a lokacin, mahaifiyarka ta koma auna tuwo da ido, ba ta taɓa ce min komai ba. Masu wucewa suna cewa, “Mai sabulu, yaushe za a yi wanka?” Ina cewa, “Ana dafa ruwa.”

Ranar da na tayar da injin, ban taɓa jin abin da ya yi min daɗi a kunne kamarsa ba. Bugu ɗaya ya kama. Ba hayaƙi, ba kakkarwa. Na ɗora kofi da ruwa a kan mota, ruwan bai zube ba. Injin da mutanen Bici suka ce sai dai a sayar wa masu gwangwan, ni na tashe shi a gindin bishiya da sifanun da ka sani. Wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Sai dai kuɗin kakanka sun ƙare a kan inji. Lagireto yana nan da tsagarsa, tiyo yana nan da robarsa. Na ɗan tayar da injin ne kawai don in ji shi, na kashe. Labari kuwa ya riga ya kai gidansa.

Washegari da safe na fito na tarar har an turo buhunan albasa a amalanke, ana lodi a ƙofar gidana. Sule yana goge gilashi yana waƙa. Mutane sun taru, mai unguwa ma ya zo don ya ga tashin motar, tunda shi ya yanke sharaɗin. Ya ce min, “Habu, yau in ta je ta dawo, gobe ka buɗe akwatin aikinka.”

Kakanka ya iso, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin tumatir. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa har da tambayar iyali. Ya leƙa inji ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna lagireton da sandarsa ya ce, “Wannan kuma ka san halin da ake ciki. Ka ƙara lallaɓa min shi, in an sayar da albasa sai a yi na gaskiya.”

Ka san abin da ya zo min a rai? Sabulu yana nan, roba tana nan, hannuna ya iya. In na ɗaure na gaya wa Sule da bakina ya riƙa tsayawa, wataƙila ta je ta dawo, gobe in koma aikina, ku ci ku ƙoshi. Amma zafi ya riga ya shigo, lodin albasa ya fi na tumatir nauyi, injin kuma sabon haɗi ne, tafasa ɗaya za ta mayar da shi inda ya fito. Tsohon nan ya sayar da abin da yake da shi a kansa.

Ban tashi daga durƙuson ba, amma na ɗago kai na dube shi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura min aure. Ashe ma yana da tabo a gira, ban sani ba sai ranar.

Na ce, “Baba, ka gafarce ni, ba zan lallaɓa ba. Tsaga ce, ba yoyo ba. In ta fita yau da kayan nan, shanu ne za su dawo da ita. A kai lagireto Bici, a sayo tiyo. Kafin nan motar nan ba ta tashi daga nan da hannuna.”

Masu lodi suka tsaya da buhu a kai. Wani daga baya ya ce, “Kai, Habu, surukinka ne fa.” Mai unguwa ya matso ya ce min a hankali, “Ka san fa kai ne za ka ci gaba da zama ba aiki.” Na ce na sani.

Kakanka ya daɗe yana kallona. Na ga gemunsa yana motsi. Na ce yau kam sai dai in ji an aiko a tafi da mahaifiyarka gida. Sai ya juya wajen Sule.

“Sule, a sauke kayan.”

Sule ya ce, “Alhaji, albasar fa?”

“Albasa ba tumatir ba ce, za ta jira. Ba ka ji ba ne? Bakanike ya ce a’a.”

Tun da nake da shi, “yaron nan” nake, ko “mijin yarinyar nan”. Ranar ce ya fara kirana da sana’ata, a gaban mutane. Ya sa aka kwance lagireton, ya hau bayan mashin ya rungume shi a cinya da babbar rigarsa, shi da kansa ya kai Bici. Da aka haɗa, ta je Kano da albasa ta dawo kafin la’asar, na buɗe akwatina. Mutumin da ya kwashe mashin ɗinsa a buhu shi ya fara dawowa, da buhun nasa, wai a can an ce masa wasu kusoshi sun ɓata.

A garejin da za ka, motocin zamani ne masu kwamfuta, abin da za ka koya ni ban san shi ba, kuma ina murna za ka wuce ni. Maigidanka zai koya maka inji. Abin da nake jin ba zai tsaya koya maka ba shi ne ranar da za ka ce a’a alhali kai ne mai bukatar a ce to. Ranar za ta zo, wataƙila ma shi maigidan naka ne zai ce ka ɗaure ka sallami mutum. Ka ce masa a’a cikin ladabi, muryarka a ƙasa, maganarka a fili. In birki ne ko sitiyari, ko tambayar gyara ko lallaɓawa kada ka yi, waɗannan ba a lallaɓa su ko mai motar ya yi kuka. Kuma in wani ya ce maka ɗan mai sabulu, ka amsa. Ni yanzu in aka faɗa har juyowa nake.

Ka kula da salla a kan lokaci ko hannunka duk baƙin mai ne, akwai ƙasa, akwai sabulu. Kada ka kwanta a ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ka sa dutse ko kututture. Ka riƙa aiko wa mahaifiyarka gaisuwa, ita ba za ta ce tana kewarka ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka, ya haɗa ka da masu mota masu tsoron Allah, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Habu Bakanike

In ka ga kamar na ƙara wa maganar kakanka gishiri, in ka zo hutun salla ka tambaya. Mai unguwa yana wurin. Liman Malam Isiyaku yana wurin, da Sule direba, da Malam Audu, da Tanko wanda ya bar shayinsa a kan wuta har ya ƙone. Mahaifiyarka ma ta gani daga bakin zaure, ko da yake ita har yau cewa take tsintsiya ta fito nema.